Ɗalibai Uku Sun Liƙe Min, Sauran Sun Kai Ƙara Wai Ina Da 'Yan Lele

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a sashen ilimin halayyar ɗan'adam na wata jami'a a nan Arewa. Digirina na biyu na yi shi ne a ɓangaren halayyar ma'aikata da ma'aikatu, wato yadda ake zaɓen ma'aikaci, da horar da shi, da auna ƙwazonsa, da abin da ke sa ya so aikinsa ko ya gaji da shi. A sashenmu ni kaɗai na karanta wannan ɓangare, kwas ɗaya tak muke da shi, a aji uku.

Ɗalibai uku ne suka liƙe min. Ta farko 'yar aji huɗu ce, Allah ya ba ta kai, tana son yin digiri na biyu a wannan fanni, amma mahaifinta ya ce karatun masu kula da mahaukata ne, tana gamawa ɗakin miji za ta. Na biyu ɗan aji uku ne, ba ya ɓoye cewa aikin banki ko na ƙungiyar agaji yake so, kullum maganarsa in haɗa shi da wani babba. Na uku maraya ne. Bara na cika masa kuɗin rajista daga aljihuna, yanzu Mama yake ce min, yana kirana ko da ƙarfe sha ɗaya na dare ne.

Maigidana ya fara ƙorafi, digirina na uku ya tsaya cak a babi na uku. Makon jiya shugaban sashe ya kira ni ya ce ɗalibai sun kawo ƙara wai ina da 'yan lele. Sai da na yi kuka a mota kafin na iya tuƙi. Ni ban samu mai riƙe hannuna ba lokacin da nake ɗaliba, shi ya sa ba na iya cewa a'a. Ga kuma tsoro da nake ji kada in zama ina tura yaran nan hanyar da babu aiki a ƙarshenta. In janye gaba ɗaya ne, ko yaya zan yi?

Wata malamar jami'a

Wa alaikumus salam Malama, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika yi wa yaran nan, musamman marayan. Kukan mota kuma ba laifi ba ne, duk wanda ya yi abu don Allah aka juya masa shi dole ya ji zafi. Amsar tambayarki a taƙaice ita ce kada ki janye. Amma yadda abin yake tafiya yanzu ba zai ɗore ba, kuma zan fara da maganar da na san ba za ta yi miki daɗi ba.

Ɗaliban da suka kai ƙara ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ki tuna yadda aka yi ukun nan suka zama naki. Ba sanarwa kika liƙa ba, ba wani gwaji kika yi ba. Ɗaya ta burge ki a aji, ɗaya ya fi kowa naci, ɗaya ya ba ki tausayi. Alhali ke ce mai tsayawa gaban allo kina koya musu cewa zaɓen ma'aikaci da "na ga ya kwanta min a rai" hanya ce mai rauni. Kin fi ni sanin aikin da Frank Schmidt da John Hunter suka fitar a 1998, inda suka tattara binciken shekara 85 suka nuna cewa intabiyun da aka tsara, kowa a yi masa tambayoyi iri ɗaya a ba shi maki da ma'auni ɗaya, ya fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki. Da Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin lissafin a 2022, alƙaluma da yawa sun sauko, amma tsararren intabiyu sai ma ya hau kan gaba. To ke hirar kara-zube kika yi, kika ɗauki mutum uku. Ina da yaƙinin akwai wata a layin baya, mai kunya, wadda ba za ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ofishinki ba sai an ce kowa ya zo. Ita tana ganin uku suna shiga suna fita, suna samun littafi da shawara da hirar da ba a yi a aji. Ko da ba ki ƙara wa kowa maki ɗaya ba, kuma na yarda ba ki ƙara ba, ba ta da hanyar sanin haka.

Saboda haka ki fitar da abin daga ofishinki ki kai shi aji. Ki kafa zama sau biyu a wata, awa ɗaya da rabi, da rana, a ɗakin lacca da ƙofa a buɗe. Ki liƙa sanarwa a allon sashe, ki ba wakilin aji ya tura a zaurensu na WhatsApp. Kowa daga aji biyu zuwa huɗu yana iya nema. Kada sharaɗin shiga ya zama yawan maki, don masu maki kaɗai za ki tara, su ma kuma 'yan lele za a kira su. Sharaɗin ya zama aiki: duk mai so ya je ya nemi izinin wani ma'aikaci, ya zauna kusa da shi awa biyu yana kallon aikinsa, ya rubuto shafi ɗaya a kan abin da mutumin yake yi, da abin da dole ya sani, da abin da ke ba shi wuya. Ki rubuta ma'aunin da za ki duba da shi tun kafin takardun su zo, ki kuma ce su sa lambar rajista maimakon suna. Ukun naki ma su yi. Za ki ga abin mamaki: cikin mutum 40 da za su ce suna so, waɗanda za su kawo shafin nan ba za su fi ƙarfinki ba. Naci a baki da naci a aiki ba ɗaya ba ne.

Bari in nuna miki abin da nake nufi da shafin. A ce ɗalibi ya zaɓi mai POS na bakin ƙofar makaranta. Wanda ya leƙa kawai zai rubuto cewa yana ba da kuɗi yana karɓar kati. Wanda ya zauna da gaske zai ga yadda yaron yake ƙirga kuɗi sau biyu da babban yatsa idonsa na kan na'ura, yadda yake ƙin miƙa ko sisi sai kuɗin sun faɗo a nasa asusun don an taɓa yi masa alat na bogi, yadda yake lallashin tsohuwar da aka cire wa kuɗi takarda ta fito da cewa ba su fita ba, yana gaya mata ta jira ko ta je bankinta, ita kuwa tana rantsuwa shi ya cinye. Zai ga yana rubuta kowace hulɗa a ɗan littafi saboda da yamma maigidansa zai zo lissafi, in an samu giɓi daga albashinsa za a cire. A cikin awa biyu ɗalibin ya ga lissafi, da haƙuri, da riƙon amana, da matsin da ke kan ma'aikacin da ake tuhuma a kan laifin da ba nasa ba. Wannan shi ne nazarin aiki, tushen duk abin da ake yi a fanninku. Daga nan sai ki koya musu dabarar da John Flanagan ya bayyana a 1954, wadda ta samo asali daga aikinsa da sojojin saman Amurka a yaƙin duniya na biyu: ka tambayi ma'aikaci ya ba ka labarin wata rana da aiki ya yi kyau ƙwarai da wata rana da ya lalace, me ya faru, me ya yi, me ya biyo baya. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar data. Biro da takarda da ladabi ne kawai.

Sauran zaman kada su zama lacca ta biyu, sun gaji da lacca. Wata rana ki kawo musu labari ɗaya ku yi gardama a kansa. Misali jarrabawar da sojojin Amurka suka fara yi wa sababbin kurata a 1917, aka gwada sama da mutum miliyan 1.5, aka yi ɗaya ta masu karatu da wata ta hotuna don waɗanda ba su iya karatu ko Ingilishi ba, daga baya wasu suka ɗauki sakamakon suka ce wai hujja ce ta fifikon wani jinsi a kan wani. Ki tambaye su: in aka ba birkila ko direba daga ƙauyenmu jarrabawar basira da Ingilishi ya faɗi, basirarsa aka auna ko Ingilishinsa? Wata rana ki kawo musu na gida. Ranar 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin Najeriya don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowa ya biya Naira 1,000, guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsutsu mutane suka rasu a Abuja da wasu garuruwa. Ki ce su zauna su tsara yadda za a tace mutane masu wannan yawa mataki mataki ba tare da an tara su a rana ɗaya a ƙofa ɗaya ba. Ɗalibin da ya yi wannan aikin ba zai sake tambayarki amfanin karatunsa ba.

Sannan ki matsa musu a kan ƙididdiga, ko suna so ko ba sa so. Da yawa sun gudo sashenku ne don su tsere wa lissafi, ga shi kuwa wannan ɓangaren a kan awo ya ginu. Manhajojin ƙididdiga irin su Jamovi da JASP kyauta ne, suna hawa ƙaramar kwamfuta, ba sai an nemi SPSS na sata ba. Mutum uku su haɗu a kwamfuta ɗaya. Ki koya musu cewa takardar tambayoyin da aka ƙera don ma'aikatan ofis a Amurka ba a kwafo ta a miƙa wa lebura a Sharaɗa ko Bompai haka nan: wani ya mayar da ita Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Ingilishi, a gwama a gyara, a gwada ta a kan mutum kaɗan tukuna. Ki kuma gaya musu baki da baki cewa kin san ana zama ƙarƙashin bishiya a cike takardu 200 da biro kala uku, kuma duk wanda ya yi haka a hannunki kun rabu. Amsoshin ma'aikata amana ce. In ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa shugabarta tana cin zalinta, takardar ta koma hannun shugabar, ɗalibinki ya ci da aikinta. Ba a rubuta suna, ba a ba maigida ɗanyen takardu, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan.

Yanzu maganar tsoronki, cewa kina tura su inda babu aiki. Maganinsa ki gaya musu gaskiya tun a zaman farko, su zaɓa idonsu a buɗe. A Najeriya da wuya ka ga tallar aiki da sunan fanninku. Abin da ake nema shi ne jami'in kula da ma'aikata, wato HR, ko mai ɗaukar ma'aikata, ko mai shirya horo, ko mai bin diddigi da auna ayyuka a ƙungiyoyin agaji. A waɗannan guraben za su yi gogayya da waɗanda suka karanta harkar kasuwanci da ilimin zamantakewa da mulki, kuma babu wanda zai ba su gaba don sunan digirinsu. Yawancin manyan kamfanonin suna Legas da Abuja da Fatakwal. Masana'antun Arewa sun ja baya ƙwarai, kowa ya san abin da ya samu masaƙun Kaduna. Su kuma san cewa "wa ka sani" yana aiki, kada ki yi musu kamar ba ya yi. Amma ki gaya musu ɗaya ɓangaren ma. Duk asibiti mai zaman kansa, da makarantar kuɗi, da kamfanin shinkafa, da gidan mai mai rassa goma, suna fama da ma'aikatan da ke shiga suna fita, kuma kaɗan ne a cikinsu ke da wanda zai iya zama ya gano dalili da alƙaluma. Abin da zai bambanta ɗalibinki shi ne ya iya rubuta bayanin aiki, ya iya tsara tambayoyin intabiyu da ma'auninsu, ya iya karanta sakamakon bincike ya bayyana shi a shafi ɗaya da maigida zai fahimta. Ki nuna musu hanyar CIPM, cibiyar ƙwararrun kula da ma'aikata da aka kafa a 1968 doka ta ba ta iko a 1992, su duba sharuɗɗan jarrabawarta tun kafin su tafi hidimar ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya kawo mu kan ɗalibinki na biyu. Na ji kamar kina ɗan raina shi a wasiƙarki, to ki daina. Son aiki mai albashi ba abin kunya ba ne, wataƙila ƙanne biyar ke jiransa. Kuskurensa ɗaya ne, yana son ki ara masa mutuncinki kafin ya nuna miki komai. Ki ce masa: "Zan rubuta maka takardar shaida, zan kuma kira wanda na sani, ranar da ka kawo min aikin da zan iya nunawa." Ki ba shi aikin. Ya nemi wata ƙaramar ma'aikata, ko da makarantar firamare ce mai malamai 15, ya rubuta musu bayanin aikin malamin aji da tambayoyin intabiyu guda takwas da yadda za a ba da maki. In sashenku na tura ɗalibai horon sanin makamar aiki, ya fara neman gurbi a ofishin kula da ma'aikata tun yanzu, kada ya ƙare yana sayo wa ma'aikata abinci wata shida. In ya yi aikin, kin samu ɗalibi. In bai yi ba, zai janye da kansa ba tare da kin kore shi ba.

Yarinyar kuwa, a nan nake so ki taka a hankali. Ba 'yarki ba ce, kuma ina jin kina hango kanki a jikinta. Kafin komai ki zaunar da ita ki ji abin da ita take so, ba abin da take tsammanin kina son ji ba. Mai yiwuwa tana son auren tana kuma son karatun, mai yiwuwa akwai wanda take so, kunyarki ce ta hana ta faɗa. Mahaifinta ma ba maƙiyinta ba ne. Mutum ne da ya biya kuɗin makaranta shekara huɗu, wataƙila biyar in aka haɗa da yajin aikin wata takwas na 2022, yana kallon ƙawayenta suna ta tafiya ɗakunansu, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi masa bayanin karatun da harshen da zai gane. Kada ki je masa da labarin Lillian Gilbreth, Ba'amurkiyar da ta yi digiri na uku a 1915 ta kuma haifi 'ya'ya goma sha biyu, wannan labarin aji ne. Tambayoyinsa uku ne: wane aiki za ta yi, a wane gari, kuma zai hana ta aure? Ki taimaka mata ta shirya amsa. Aikinta shi ne taimaka wa asibiti ko makaranta ko ma'aikatar gwamnati su ɗauki wanda ya cancanta su kuma riƙe shi da adalci. Digiri na biyu ana yin sa da aure, mata nawa ne a ajinki na digiri na biyu suka zo da goyo? Ba dole sai Ibadan ko Legas ko Nsukka ba, ta fara bincika na kusa kamar Jos da Keffi. Hanya mafi sauƙi a gidajenmu ita ce a sa cigaba da karatu cikin maganar aure tun farko, manemin ya amince a gaban manya. Wanda zai kai wannan magana ga uban kuwa ba ke ba ce. Mahaifiyarta ce, ko kawunta, ko wani malami da uban ke jin nauyinsa. In su suka gayyace ki ki yi bayani, ki je da rana, da sanin maigidanki, ki gaida Baba da ladabi, ki amsa abin da aka tambaye ki, ki tashi. In kuma a ƙarshe aka ce a'a, ki taimaka mata ta rubuta kundin digirin da za ta yi alfahari da shi, ki ajiye mata takardar shaida. Mata da yawa sun dawo karatu bayan haihuwa biyu.

Marayan ne ya fi damuna, don nasa ya wuce karatu. Kathy Kram, wadda ta bi diddigin irin wannan alaƙa tsakanin manya da ƙananan manajoji a wani kamfanin Amurka a farkon shekarun 1980, ta ce mai riƙon hannu yana yin abu biyu: yana buɗe hanyar aiki, yana kuma ƙarfafa zuciya. Ta kuma nuna cewa alaƙar tana da matakai, ana farawa, a yi reno, a rabu, sannan a sake sabon zama a matsayin abokan aiki. Mu ma mun san haka. A Kantin Kwari yaron shago ba ya dawwama a gindin ubangidansa, ranar sallama tana zuwa, kuma ubangidan kirki tun ranar farko yake shirya shi don ita. Yaron nan ya rasa uwa ko uba, ya samu wadda ta share masa hawaye, ya kama da hannu biyu. Ba rashin kunya ba ne. Amma in kika bar shi a haka kin cuce shi, don ranar da kika gaza, kuma za ki gaza wata rana, zai ji kamar an sake yi masa mutuwa. Ki kira shi ofis da rana, ki ce masa kina nan, ba ki canza ba, amma daga yau kiran waya ya tsaya a ƙarfe shida na yamma, abin da ya wuce haka ya rubuto saƙo ki amsa da safe. A makaranta Malama zai ce miki kamar kowa. Zai ji ciwo, ki bar shi ya ji, kada ki janye maganar. Kuɗi kuwa kada ya sake fita daga hannunki zuwa nasa kai tsaye muddin ke ce mai duba takardar jarrabawarsa. Ki zauna da shi ku cike neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ya nemi tallafin karatu na jiharsu, ki haɗa shi da ofishin kula da harkokin ɗalibai da kwamitin masallacin makaranta. In kina son ki ƙara da sadakarki, ki bi da ita ta hannun da ba zai san daga ke ba ne. Ki kuma nemo masa namiji babba, malami ko tsohon ɗalibi, da zai riƙa jin matsalolinsa. In kika lura kiran daren nan na damuwa ne mai tsanani, ba ya barci, yana maganar gajiya da rayuwa, ki kai shi wurin masu ba da shawara ko asibitin makaranta da kanki. Kin karanta halayyar ma'aikata ne, ba ke ce likitarsa ba.

Shugaban sashe ki koma wurinsa a wannan makon, kada ki bari maganar ta kwana a ransa a matsayin ƙara. Zuwa da kai ya fi aike. Ki je da shafi ɗaya a rubuce: ga zaman da nake son kafawa, ga ranaku, ga yadda za a shiga, ina neman izini da ɗaki. Ki gode masa da ya kira ki a keɓe maimakon ya ɗaga maganar a taron sashe, don ya rufa miki asiri. Ki roƙe shi abu biyu. Ya sa wani babban malami ya riƙa leƙowa, ko da na wani ɓangaren ne, kuma a wannan zangon wani ya sake duba takardun jarrabawar ukun nan bayan kin duba. Wannan na biyun zai yi miki ɗaci, amma shi zai rufe bakin kowa. In an amince, ki nemi a ba ki a rubuce, ya shiga fayil ɗinki a matsayin hidimar sashe.

Maigidanki yana da gaskiya, ƙanwata. Namiji baligi yana kiran matarsa ƙarfe sha ɗaya na dare, ko da Mama yake ce mata, ba kowane miji zai tsaya a ƙorafi ba. Kada ki kare kanki da cewa maraya ne. Ki ce masa ya yi gaskiya, ki gaya masa dokar ƙarfe shida kafin ki gaya wa yaron, ki nuna masa takardar da za ki kai wa shugaban sashe. In da hali ki ware layi ɗaya na makaranta da za ki kashe in kin shigo gida.

Digirinki na uku kuwa, shi ne babbar hidimar da za ki yi wa ɗaliban da ba su ma shigo jami'a ba tukuna. Ba tare da shi ba ba za ki duba ɗalibin digiri na uku ba, muryarki ba za ta yi nauyi ba ranar da za a yi maganar ƙara kwas na biyu a wannan ɓangare, ƙarin girma ma zai tsaya. Ki ware safiya biyu a mako, ki bar ofis ki tafi laburare inda ba a san wurin zamanki ba. Ki kira mai duba aikinki ki ba shi ranar da za ki kawo babi na uku, don ranar da aka faɗa wa wani ta fi wadda aka riƙe a zuci ƙarfi. Kin san alamomin ƙonewa a aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019: gajiya mai ƙarar da ƙarfi, jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Kina koyar da su. Ta farko ta riga ta bayyana a wasiƙarki.

In kika duba kika ga ko zama biyu a wata ya fi ƙarfinki a bana, akwai mai sauƙi. Ki yi zama uku kacal a zango, a buɗe ga kowa: ɗaya a kan menene fannin da inda ake aiki da shi, ɗaya ki gayyato wanda ke aikin kula da ma'aikata a garinku ya ba su labarin ranar aikinsa, ɗaya a kan zaɓen batun kundi. Tsofaffin abokan karatunki na digiri na biyu da ke Legas ko Abuja za su iya ba ku rabin awa ta waya, a sa a lasifika a tsakiyar aji. Kram ɗin nan da Monica Higgins sun rubuta a 2001 cewa mutum ya fi amfana da mutane da yawa masu taimaka masa ta fuskoki daban-daban fiye da dogaro da mutum ɗaya, don haka ba rowa kike yi musu ba in kika raba su ga wasu. 'Yan aji huɗu su riƙa duba shafukan 'yan aji biyu kafin su iso gare ki. Yarinyar nan taki ita ta fi dacewa ta jagoranci wannan kafin ta gama, in ta ci gwajin shiga kamar kowa.

Ukun kuma ki tara su wuri ɗaya ki gaya musu da bakinki kafin sanarwar ta hau allo, kada su gani a bango su ɗauka korarsu kika yi. Ki ce musu an yi ƙorafi, kin duba kin ga akwai gyara, za a buɗe wa kowa, kuma kina sa ran shafukansu su fi na kowa kyau tunda sun riga kowa jin bayani. Kada ki tsaya binciken waɗanda suka kai ƙarar, kada kuma ki bari su su bincika. Allah ya ba ki sa'a a babi na uku, ya kuma zaunar da gidanki lafiya.